Abin da ke Kunnen Nasidi

Matso nan, ga gefen tabarma, ka zauna. Kakar da ta rene ni ba ta fara labari sai ta ga kowa ya naɗe ƙafa, ni ma halin ya bi ni. Sai dai nawa ba tatsuniya ba ne. Mutumin yana nan da ransa, in ka bi hanyar Garbadu da hantsi kana iya cin karo da shi.

Sunansa Nasidi, mai gyaran injin ban-ruwa. A ƙauyenmu da ke gefen Garbadu, da ƙauyukan da ke zagaye, har Bakura, har wajen Dosara a ƙasar Maradun, in injin wani ya ƙi tashi ga shinkafa tana neman ruwa, shi ake aika wa. Kar in yi maka ƙari, ba shi ne ya fi kowa iyawa ba. Akwai wani a Talata Mafara da ya fi shi hannu. Amma wancan sai ka ɗauki injin ka kai masa, Nasidi kuwa shi ke zuwa har bakin gona, ya tuɓe riga, ya shimfiɗa buhu, ya zazzage cikin injin a kai, ya busa nan, ya goge can, ya mayar. Ya yi karatu har kwalejin noma, bai ƙarasa ba mahaifinsa ya rasu, ya dawo gida. Turancinsa irin na wanda ya taɓa iyawa ne ya ajiye. Yana karanta takardar da ke zuwa cikin kwalin inji, in kuma aka yi magana a hankali yakan tsinci abin da ya tsinta.

Tun yana yaro ba mai surutu ba ne. Mutum ɗaya ke iya zaro magana daga bakinsa, wato Ayuba, taubashinsa, ɗan ƙanwar babansa. Ka san taubasai, ba su haɗuwa su rabu lafiya. Da Ayuba ya hango shi daga majalisa zai ɗaga murya:

"Ga bawana nan tahe, Baturen da yag gudo makaranta don tsoron jarrabawa."

Nasidi ya jingine babur ya ce, "Ni dai na shiga aji na zauna. Kai ta taga kaka leƙe, ana kora ka da tsumagiya."

Mu kuwa mu yi ta dariya, don ba kullum muke jin muryarsa ba.

Wata ranar kasuwar Talata ya sayi waya wajen Bello mai waya, irin waɗanda ake kawowa daga waje an riga an yi amfani da su. Da aka kunna, sai ga memori a ciki maƙil da waƙoƙin tsohon mai ita, wani da ba a sani ba, a wata ƙasa da ba a sani ba. Bello ya danna ɗaya, ya saurara kaɗan, ya yamutsa fuska.

"Wanga kuka shikai ko waƙa? Bari in goge maka, in tura maka wa'azi da na biki."

Nasidi yana sauri, ana jiransa a Bakura, ya ce a bari sai wani zuwan. Bai koma ba, bai kuma sake bi ta kan waƙoƙin ba.

Sai daminar da Husna ta rasu. Ita kaɗai gare su, shi da matarsa Taibatu, yarinya mai yawan tambaya da ba ta gama canza haƙori ba. Zazzaɓi ne. A lokacin hanya ba ta biyuwa da zarar rana ta faɗi, suka ce a jira gari ya waye a kai ta asibiti, ita ba ta jira ba. Nasidi ya zauna zaman makoki kamar kowane namiji. Aka ce Allah ya ba da haƙuri, ya ce amin. Aka ce mai ceto ce, ya ce haka ne. Ba wanda ya ga hawayensa, har dattawa na yaba shi. Taibatu da ta saba kiransa Baban Husna ta rasa sunan da za ta kira, ta koma ce masa Malam, kamar baƙo.

Bayan an share makoki, wata rana yana gyara a fadama, gwiwarsa ta danne wayar cikin aljihu, waƙa ta tashi. Hannunsa duk baƙin mai, sai ya ƙyale ta. Gita ce mai kaushin amo, ganga a bayanta ba ta gaggawa, da muryar wani saurayi wadda ba ta da daɗi ko kaɗan, kamar wanda mura ta kama. Daga baya ne na ji Malam Abdulrashid, ɗan ƙauyenmu da ke koyar da Turanci a wata sakandare a Mafara, yana cewa irin wannan kiɗan sunansa indi rok, na samari ne da ba su da wani babban kamfani a bayansu, su haɗu a ɗakin ajiye mota su ɗauki abinsu da kansu. Nasidi bai san wannan ba. 'Yan kalmomi ya tsinta, safiya, kofi, mota, sai ya sake kunnawa don ya ji sauran. Ya sake. Ya kuma sake.

Haka abin ya kama shi. Waƙa guda takan ɗauke shi kwana da kwanaki, yana kwance ta ɗaya bayan ɗaya yadda yake kwance kafireton inji, in ya rasa wata kalma ya cike gurbin da abin da ya ga ya dace, in ya gano ta daga baya ya cire nasa ya sa tata. Ya sayi iyafis, igiyar nan da ake sokawa a kunne, don kada a dame shi da tambaya. Da farko abin dariya ne. Ayuba ya ce bawansa ya sa takunkumi a kunne maimakon baki. Yara suka riƙa yi masa magana ta baya su ga ko zai ji.

Sai shekarar da aka datse layukan waya a jihar nan gaba ɗaya saboda 'yan bindiga. In kana nan lokacin ka sani, in ba ka nan bari in gaya maka. Waya ta koma fitila da agogo. An rufe kasuwannin mako, an rufe makarantu, fetur ya yi wuya har Nasidi ya jingine babur ya koma kan keke. Kalma ɗaya ta shiga bakin kowa, infoma. Shi ne wanda ke zaune cikinku, yana cin tuwo da ku, yana bin sahu ɗaya da ku a masallaci, sannan yana gaya wa mutanen daji wa ya yi girbi mai kyau, wa ke da shanu, wace hanya ce 'yan sintiri ba su tsare ba. Kowa ya san akwai su. Ba wanda ya san ko su wane ne. Sai ka ga mutum yana gaisawa da maƙwabcinsa yana duban takalminsa, ko akwai laka irin wadda ba ta gonakinmu ba.

Kowa ya jefa wayarsa ƙarƙashin filo. Nasidi kaɗai ke yawo da igiya a kunne.

To ga kuma halinsa. In yana bin kalma, leɓensa na motsi kamar mai ba da amsa. In ƙarar inji ta hana shi ji, yakan hau tudun kanal, babbar magudanar ruwan gonaki, ya tsaya shi kaɗai, ya dafe kunne da tafi, yana gyaɗa kai, fuskarsa na duban daji. Ka haɗa wannan da mutumin da aikinsa ya sa ya san kowace gona da kowace hanyar ƙafa daga nan har Dosara, wanda ke ratsa inda wasu ke tsoron ratsawa ya dawo ba abin da ya same shi. Ba sai na gaya maka abin da aka fara raɗawa ba.

Wani ya ce ai akwai wayar da ba ruwanta da layi, da tauraro take magana. Wata ta ce ya wuce ta bakin rijiya, ta ji da kunnenta muryar namiji na fita daga igiyar, kuma ba da Hausa ba. Wani ya ce ku lura, tun bara ba ya dariya, mai ɗauke da abu a ciki ne ke haka. Ba wanda ya tuna abin da ya faru bara ɗin, ko kuwa an tuna an ga ai ya wuce, tun da shi da kansa ya ce haka ne.

Ayuba shi ne shugaban 'yan sintirin ƙauyenmu. Da maganar ta fara isa gare shi dariya ya yi.

"Wanga bawan nawa? Ko kaza aka yankawa shina kau da kai. Ku nemi wani."

Sai aka kira Nasidi gyara a wasu gonaki can hanyar Maradun. Ya je, ya gyara, ya dawo. Washegari da rana tsaka 'yan bindiga suka faɗa gonakin nan suka tafi da mutane. Cikinsu har da Nazir, ƙanen Ayuba, da ya je taya surukinsa yankan shinkafa.

Ina majalisa ranar da Nasidi ya zo jaje. Ya jingine keke, ya cire igiyar, ya durƙusa kusa da Ayuba ya ce, "Bawana, an ji wani labari?"

Ayuba ya dube shi, ya ce, "Ina wuni, Malam Nasidi. Ina gajiya. Ya iyali? Ya aiki? Ya hanya?"

Ya bi gaisuwar nan tiryan-tiryan har ƙarshenta, kamar yana gaida baƙon da ya zo daga Sakkwato. Tun da aka haife su ba mu taɓa jin Ayuba ya gaishe shi ba.

Mata sun riga maza jin cewa za a kira Nasidi zauren Mai Unguwa. Taibatu da kanta ta ba matata labarin yadda suka yi. Tana sheƙar shinkafa a tsakar gida ya shigo, ta ajiye faifai.

"Malam, gobe za su kira ka. In an tambaye ka, ka ce waƙar soyayya ta. Kowa ya san soyayya. Su yi maka dariya, su ce girma ya zo hankali bai zo ba, ka dawo gida."

"Ba ta soyayya ba ta."

"To ta mi ta?"

Ya juya yana duban kaji.

Ta ce, "Ka gani ko. Ni ban ce kai na ba, Allah shi kiyaye. Amma ɗaki guda muke, da za a ɗora man Alƙur'ani a ce in hwaɗi abin da ke kunnenka, mi zan ce?"

Ta ɗauki faifanta.

Bayan la'asar aka taru. Mai Unguwa a kan buzu, Liman a damansa, dattawa sun jeru jikin bango, mu sauran muka cika bakin ƙofa. A waje 'yan sintiri na tsaye da bindigogin toka. Ba wanda ya faɗa, amma kowa ya san abin da ake yi wa wanda aka yanke cewa infoma ne a wasu garuruwan, kuma ba kotu ake kai shi ba. An kira Malam Abdulrashid, yana gida tun da makarantu na rufe, ya zo da hularsa a karkace saboda sauri.

Aka karɓi wayar aka duba. Ba kira, ba saƙo. Wani cikin 'yan sintiri ya ce ai gogewa ake yi, kuma wa ya sani ko maganar cikin waƙar aka cusa ta. Sai Ayuba ya ce a yi yadda ake yi wa shaidun iyakar gona: a raba su, a tambayi kowa shi kaɗai. In abin da ke ciki waƙa ce, masu Turanci biyu za su faɗi abu ɗaya. In sun saɓa, to akwai magana.

Aka fita da Nasidi bayan zaure. Aka kunna waƙar da wayar ta tsaya a kai, aka miƙa wa Malam Abdulrashid. Ya saurara har ƙarshe, ya ce a sake. Na ga gumi na bin gefen hularsa. Ya fahimce ta sarai, shi da bakinsa ya gaya mini daga baya. Amma ya dubi dattawan nan, ya dubi bakin bindigogin da ke leƙowa ta ƙofa, ya ce a ransa, in na ce wani ne ke tambayar ko zaman duniya na da dalili, wa zai yarda magidanci ya shekara yana sauraren wannan? In ma sun yarda, su ce ya bar addini. Sai ya gyara murya.

"Ranka shi daɗe, waƙar soyayya ta. Budurwa ta bar shi, shina kuka."

Zaure ya ɗan saki. Wani dattijo ya ce, "Ashe Turawa ma ana yi masu haka." Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, irin ta mutanen da suka daɗe suna neman dalilin yin ta.

Aka shigo da Nasidi, aka ce malam kada ya ɗaga kai. Aka sake kunnawa. Ayuba ya matso ya tsuguna gabansa.

"Wagga da kaka ji kullum, ta soyayya ta?"

Har yau ban sani ba ko ƙofa Ayuba ya buɗe masa ko rami ya haƙa. Shi ma Nasidi bai sani ba. Ya dubi fuskar taubashinsa bai ga komai a ciki ba. Ya dubi malam, malam na duban tabarma. Sai ya auna a ransa cewa malami ba zai yi ƙarya gaban Liman ba, tambayar nan tarko ce.

Ya ce, "A'a. Ba mace cikinta."

Ka ji yadda zaure ke yin shiru har a ji kukan akuya a unguwa ta gaba? Haka ya yi. Na ji wani a waje ya gyara riƙon bindigarsa.

Ayuba ya miƙe. "To ɗayanku na ƙarya."

Malam Abdulrashid ya fara rantsuwa yana in-ina. Liman ne ya ɗaga hannu. Dattijo ne mai sanyin magana, ba ya son gaggawa ko a salla. Ya ce a kunna kaɗan a tsayar, Nasidi ya faɗi nasa, malam ya ce haka ne ko ba haka ba, kuma wannan karon malam ya tuna gaban wa yake zaune.

Aka kunna, aka tsayar. Nasidi ya ce, murya can ƙasa, "Ya ce ya tashi da sahe, ya ɗora ruwa, ya hiddo kofi biyu, ya mai da ɗaya."

Malam ya ce haka ne, ya ƙara da sauri, "Kun ji, kofi biyu. Shi yas sa nic ce mace."

"Bai ce mace ba," in ji Nasidi. "Bai ce kowa ba. Wanda ba shi nan ne kawai."

Aka ci gaba. Saurayin ya ce gari ya waye ba tare da an tambaye shi ba. Ya fita, mota ta tsaya, ya shiga, ba don yana da wurin zuwa ba, don dai ta buɗe ƙofa ne. Sai amshin da yake ta maimaitawa: in akwai mai riƙe da dalilin duk wannan, ni bai gaya mini ba, na dai zo. Kowace gaɓa malam ya ce haka ne. Wuri ɗaya ya gyara masa, inda Nasidi ya ɗauka kasuwa aka ce, ashe tashar mota ce.

Mai Unguwa ya ce, "To mi ke nan? Wane irin zance na wanga?"

Malam Abdulrashid, da ya ga gaskiya ce kaɗai ta rage masa, sai ya saki baki. Ya ce masu irin wannan waƙa da yawansu sun ɗauka an jefo mutum duniya ne kawai, ba a gaya masa don me ba, kowa sai ya nema wa kansa abin da zai tashe shi da safe. Ya ce shi ya sa muryarsu take haka, ta waɗanda suka yanke ƙauna, ba su neman ta yi daɗi. Wani dattijo ya nemi tsari da ƙarfi. Wani ya ce ai gara ma a ce infoma ne.

Liman ya juya ga Nasidi. "Kai ma haka kad ɗauka?"

"Allah shi gafarta malam, ni na san akwai mai riƙe da dalili. Shi ma yaron bai ce babu ba. Cewa yay yi ba a gaya mai ba." Ya dubi Malam Abdulrashid. "Kuma malam ya ce ya yanke ƙauna, ni ban ji haka ba. Wanda ya yanke ƙauna kwanciya shikai. Wanga ya tashi, ya ɗaure wayoyin gitarshi, ya kira abokinai ya buga mai ganga. Ku saurari mai gangan, ba ya magana, amma bai bar shi ba har ƙarshe."

Liman ya gyaɗa kai, ba alamar yarda ba, alamar ya ji. Amma Ayuba bai gamsu ba, kuma kar ka ga laifinsa, ƙanensa na daji.

"Na ji waƙa ta. Amma mi ya haɗa ka da kofin wani Bature a wata ƙasa? Tun bara kaka saurare, kana hawa tudu, kana motsa baki. Mutum ba ya yin haka banza. Akwai abin da kaka ɓoyewa, kuma yau sai ka hwaɗe shi."

Gaskiya Ayuba ya faɗa, akwai. Nasidi ya daɗe yana murza baƙin man da ke ƙarƙashin farcensa. Ya dubi ƙofa, inda bindigogi suke. Sannan ya ce:

"Kwanon Husna. Ƙarami, mai ja a baki. Kullum in Taibatu za ta zuba tuwo sai ta ɗauko shi, ta tsaya, ta mai da. Tana tsammanin ban gani ba."

Ya ci gaba:

"Kun ce in yi haƙuri, na yi. Kun ce mai ceto ta, na yarda, har gobe na yarda. Amma in na tashi da sahe, ƙahwata ba ta san don mi za ta taka ƙasa ba. Ina tahiya gyara don an kira ni, shi ke nan. Wa zan gaya ma wannan cikinku? Kai, Ayuba, ka ce bawanka ya haukace? Ko Liman, ya ce imanina ya yi rauni? Wanga yaron shina hwaɗi, ni in yi shiru. Ban san sunanai ba, bai san ni ba, ba ya kai ni gaba."

Daga nan ya kasa daurewa. Ya yi kuka a zauren Mai Unguwa, gaban dattawa da samari, irin kukan da kafaɗa ke rawa. Ka san a wurinmu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Maza suka rasa inda za su sa ido. Wasu suka dubi rufin zaure, wasu suka tuna suna da abin yi a gida. Ayuba ya fita waje, muka ji yana ce wa yaransa su watse.

Mai Unguwa ya yanke magana a taƙaice. Ba a sami komai a kan Nasidi ba, kada wanda ya taɓa shi. Amma don hankalin jama'a ya kwanta, ba shi ba igiya a kunne. In zai saurari abinsa, ya sake shi a fili kowa ya ji. Kuma kada ya wuce Garbadu shi kaɗai sai ƙura ta lafa. Aka shafa fatiha, aka miƙa masa wayarsa, aka riƙe iyafis ɗin.

Kafin ya isa gida labarin kwano ya riga shi. Taibatu ta ji a bakin mata abin da mijinta bai taɓa gaya mata a ɗaki ba. Abin da suka ce wa juna ban sani ba, ba ta ba matata wannan ba.

Malam Abdulrashid kuwa, na ɗan lokaci shi aka koma yi wa kallon gefen ido, ana cewa me ya sa ya yi ƙarya in ba ya da abin rufewa. Da aka buɗe makarantu ya koma Mafara, ya rage zuwa gida. Nazir Allah ya kuɓutar da shi bayan wani lokaci, ya dawo a rame. Ya ce mutanen dajin sun san sunayen masu gonaki ɗaya-ɗaya, amma bai ji wanda ya gaya musu ba. Don haka har yau akwai masu cewa Nasidi dai ya iya kuka. Wasu kuma sun bar wancan zargin sun kama wani, suna cewa tawakkalinsa ne ya yi ƙaranci, ko kansa ya ɗan taɓu. Akwai tsohuwar da ta riƙa aika wa Taibatu rubutu ta zuba masa a kunu.

Sau ɗaya Nasidi ya gwada yadda Mai Unguwa ya ce. Yana gyara a fadama, ya ɗora wayar kan buhu ya saki waƙar. Masu dashe suka ɗaga kai, wasu suka matso. Ɗaya ya toshe hanci yana kwaikwayon muryar, aka yi dariya. Sai mai gonar, mutumin kirki, ya tsawata musu, ya tsuguna kusa da shi ya tambaya cikin tausayi, "Ita ta ta kofin?" Nasidi ya miƙa hannu, da man da komai, ya kashe. Daga ranar ba wanda ya ƙara jin ta.

An dawo da layin waya tuni. Yanzu rabin samarin ƙauyen igiya ce a kunnensu, ba mai cewa komai. Nasidi bai sayi wata ba. Yana aikinsa, yana zuwa masallaci, ana gaisawa. Sai dai wasu manoman da ke zaure ranar nan sun fi son su ɗauki injinsu har Mafara da su tsuguna kusa da shi a bakin gona, ba don suna zarginsa ba, don ba su san me za su ce masa ba.

Ni dai abin da nake juyawa ke nan. Kalma ɗaya ce ta raba. Da Nasidi ya bi shawarar Taibatu, da bakinsa ya zo ɗaya da na malam, a yi dariya, ya koma gida da igiyarsa da sirrinsa, ƙarya biyu sun haɗu sun wanke shi. To da kai ne aka shigo da kai daga bayan zaure, ga bindigogi a ƙofa, ba ka san abin da malam ya faɗa ba, Ayuba ya tsuguna gabanka ya ce ta soyayya ta, me za ka ce masa?